Yaron da Aka Kai Lakwal da Sunan Wani

Ranar da gardi, wato ɗan sandan kumandan, ya zo ɗaukar Lawwali ɗan Muntaka zuwa lakwal, Inusa aka miƙa masa.

Shekarun nan ne da Faransawa suka buɗe makarantarsu, wato lakwal, a Matamaye, suka ce kowane babban gida ya ba da yaro ɗaya. Aka sa gidan Muntaka mai sayen gyaɗa a cikin lissafi, aka rubuta sunan ɗansa na fari. Muntaka kuwa bai ga abin da zai sa ya miƙa ɗan cikinsa ga Nasara ba, alhali ga ƙanensa Sallau, mai kora masa jakuna, yana zaune a ɗakunan bayan gidan da ɗa sa'an Lawwali. Kafin gardi ya iso, ya kira yaron zaure ya dafa masa kai.

"Daga yau in ka fita ƙofar nan sunanka Lawwali, ubanka kuma ni ne. Malamin lakwal ya tambaye ka, haka za ka ce. Kumandan ya tambaye ka, haka za ka ce. Ka ji ko?"

"Na ji, Baffa."

"Ba Baffa ba. Baba."

Inusa ya juya ya dubi ubansa. Sallau yana tsugune a bakin ƙofa yana ta gyaran wata igiyar mangala wadda babu abin da ya same ta.

"In ka bari aka gane," in ji Muntaka, "Damagaram za a kai ni a ɗaure. Gidan nan da kuke ci kuke sha a cikinsa kuma ya watse. Ka ga ashe kai ne ka riƙe mu duka."

Shekarar Inusa tara a lokacin.

Lakwal ɗin ɗaki ne guda ɗaya dogo, ginin ƙasa da rufin azara, an kewaye shi da darnin kara. Malamin mutumin Dahome ne, yara suna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, kuma banda gaisuwa ba ya jin Hausa. Dokarsa ta farko ita ce ba a Hausa a cikin darni. Yana da wani muƙamuƙin jaki da aka huda aka zura wa igiya. Wanda ya fara suɓutar baki da safe, a wuyansa ake rataya shi, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya ji wani ya yi Hausa ya miƙa masa. Wanda aka buga ƙarfen tashi ƙashin yana wuyansa, shi ke shan tsumagiya goma, sa'an nan ya share fili shi kaɗai bayan kowa ya tafi.

Kwana biyu Inusa bai buɗe baki ba, ƙashin bai zo kansa ba. Rana ta uku da aka fito shan iska, Almu ya same shi a gindin darni. Almu ɗan gardin nan ne da ya zo ɗaukarsa, ya fi kowa girma a ajin, kuma ya fi kowa jin Faransanci. Ƙashin yana wuyansa, yana kaɗa shi kamar laya.

"Inusa ɗan Sallau mai jakuna," ya ce a hankali. "Ko Lawwali zan ce? Lawwalin aro."

Ya miƙo masa ƙashin.

"Karɓi."

Inusa ya girgiza kai. Bai yi Hausa ba, ya san bai yi ba.

"To, bari in je in gaya wa Mushe sunanka na gaskiya. Yau ɗin nan za a zo da ankwa gidanku."

Inusa ya sunkuyar da kai, Almu ya zura masa igiyar. "Ai ma naku ne. Jakin ubanka ne da ya mutu a hanyar Kance." Yara uku da ke kusa suka yi dariya da baki rufe, don kada dariyar ta fito da Hausa.

Ranar ya sha tsumagiya goma. Washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo, ajin duka sun gane cewa akwai wuya ɗaya da ba ya ƙin ƙashi. Kowa ya saki jiki. A bayan ɗaki suna hirarsu da Hausa, suna tatsuniya, suna zagin juna, wanda abin ya faɗa wa sai ya nemi Lawwalin aro kafin a buga ƙarfe. Har ƙananan da ba su kai shi tsawo ba suka koyi cewa, "Karɓi, ko in faɗa." Mushe kuwa abin da yake gani shi ne yaro ɗaya mai taurin kai, wanda ba ya magana a aji amma kullum shi ake kamawa da Hausa. Ya ƙara masa biyar a kan goman.

Uwarsa Baiwa ce ta fara gani, ranar da ta ce ya cire riga ta wanke. Ta ja shi ɗaki ta shafa masa man kaɗanya. Da Sallau ya dawo daga sauke kaya, ta ɗaga masa rigar yaron.

"Malam, dubi bayan ɗanka."

Sallau ya duba. Ya tambayi yaron laifin da yake yi, yaron ya faɗa masa duka, tun daga gindin darni. Wannan ne karo na ƙarshe da Inusa ya yi doguwar magana a gidan.

Bayan la'asar Sallau ya sami wansa a zaure, ana ɗinke masa bakin buhuna. Ya jira masu ɗinki suka fita, ya durƙusa.

"Yaya, maganar yaron nan ce."

Muntaka ya saurara yana ɓare gyaɗa yana watsawa a baki. Da Sallau ya gama, ya karkaɗe hannu.

"To me kake so in yi? In je in ce wa ɗan gardi ya bari? Gobe ubansa ya tuna cewa ya san fuskar Lawwali?"

"Kullum ne fa, Yaya. Bayansa duk ya fashe."

"Mu ba a duke mu ba? Kai ka manta dorinar Malam Isufu a makarantar allo? Ga mu nan ba mu mutu ba. Yaro namiji ne, zai saba. Kuma ka tuna, karatun nan in ya yi shi, wa zai amfana? Gobe ya zama malamin kumandan, ka ga ai ni na yi maka hanya." Ya miƙa masa ragowar gyaɗar. "Ungo, kai masa."

Sallau ya karɓa. Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne har godiya ya yi.

Ya gwada uban Almu ranar kasuwa. Ya same shi a rumfar mahauta, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, sa'an nan ya kawo maganar a kaikaice, ya ce yara suna ɗan matsa wa nasa a lakwal.

Gardin ya dube shi yana murmushi. "Naka? Kai kana da ɗa a lakwal, Sallau? Ni dai ɗan Muntaka na sani na kai. In kuwa kana nufin na yi kuskure, faɗa mini yanzu in je in gyara."

"A'a, ranka ya daɗe. Ba haka nake nufi ba."

"To wasan yara ne. Ka bar yara su yi wasansu."

Kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Igiyar ta ci bayan wuyan Inusa har wurin ya yi baƙi ya yi kanta. Ƙuli-ƙulin da Baiwa ke ƙulla masa a gefen riga ba ya kaiwa bakinsa, Almu ke karɓa tun a ƙofar darni ya raba wa mutanensa. Da aka ba su allon Nasara da alli, nasa ya ɓace rana ta biyu, aka duke shi a kan haka. A benci ba mai zama kusa da shi, sun ce yana warin mushen jaki. In an tashi, kowa ya ruga gida, shi ya tsaya da tsintsiya a fili, babu kowa sai hankaki a kan rufin.

A unguwa ma ba sauƙi. Yaran da suke makarantar allo tare a da, suka ce ɗan Nasara ne yanzu, an ba shi naman alade ya ci, suka daina sa shi a langa. Lawwali na gaskiya yana nan abinsa, yana bin ubansa kasuwa da sabuwar hula, yana koyon duba gyaɗa. Ba mugun yaro ba ne. Wata rana ya tambayi Inusa ko gaskiya ne Mushe yana da wutsiya, da bai sami amsa ba ya tafi wurin abokansa.

Inusa ya koma zama a turken jakuna. In ya dawo da yamma, can zai wuce ya zauna a kan akumari, ya jingina da bango, ya zuba wa dabbobi ido suna cin harawa. Baiwa ta kira shi sau biyu, sau uku, kafin ya waiwayo. In ta tambaye shi abu, sai ya ɗaga kai ko ya girgiza. Ko zai yi magana sai ya fara duba dama da hagu tukuna, a cikin ɗakin uwarsa, ya taɓa wuyansa. Tuwo ya rage ci. Hannun rigarsa ya yi masa yawa.

"Yaron nan yana ƙarewa ina kallo," Baiwa ta ce wa A'ishatu matar Muntaka, suna sussuka a tsakar gida.

"Haba Baiwa, girma ne yake zuwa masa, haka suke ramewa. Kuma ke ma kin san Malam bai rage ku da komai ba. Rigar da ke jikinsa ma ai ta Lawwali ce, sabuwa dal na ba shi."

Baiwa ta ci gaba da sussuka.

A wata na huɗu, Sallau ya tafi kai kaya Yauri, kwana uku. Ya dawo ya tarar yaron a kwance rub da ciki. Ashe ranar da ya tafi Inusa ya fita da safe bai nufi lakwal ba, ya kama hanyar Icirnawa da ƙafa, wurin kakarsa ta wajen uwa. Bai kai ba, gardi ya cim masa a kan doki ya sa shi gaba. A lakwal aka kwantar da shi gaban yara. Sa'an nan aka aika a kira ubansa, Muntaka ya je ya tsaya a rana hula a hannu, Mushe yana yi masa faɗa da bakin da ba ya ji. Da suka dawo gida Muntaka ya ɗauko igiyar rijiya ya ninka biyu.

"Ni ya tsayar a rana gaban 'ya'yan mutane," ya ce wa Sallau tun bai tambaya ba. "Tun da ni ne ubansa a can, ai sai in yi masa horon uba. Kai ka lalata shi da tausayi."

Sallau bai durƙusa ba wannan karon. Ya koma ɗaki ya zauna kusa da yaron. Ya yi masa hirar hanya, yadda baƙin jakin nan ya kwanta a tsakiyar yashi ya ƙi tashi sai da aka sauke masa kaya. Da, wannan labarin zai sa Inusa dariya har ya riƙe ciki. Yanzu idonsa na bango.

"Zan je in ga Mushen nan da kaina," in ji Sallau.

Yaron ya juyo da sauri ya girgiza kai. Sallau ya ɗauka tsoro ne kawai.

Ya bari yaron ya warware ya koma, sa'an nan ranar Talata ya sa rigarsa ta sallar Juma'a, ya ce wa Muntaka zai duba wani jaki a bayan kasuwa. Bai taɓa shiga darnin nan ba. Ya yi sallama a ƙofar aji, ba wanda ya amsa, yara wajen talatin suka juyo suna kallonsa. Ya hango Inusa a bencin ƙarshe shi kaɗai. Da sauran safiya, ƙashin bai iso gare shi ba tukuna, yana wuyan wani ɗan ƙaramin yaro a gaba.

Mushe ya fito. Saurayi ne siriri, da farin wando da tabarau, ba shi da fuskar mugunta, fuskar gajiya gare shi. Ya yi magana, Sallau bai gane ba. Sallau ya yi magana, shi ma bai gane ba. Sai ya waiwaya cikin aji ya kira wanda ya saba yi masa tafinta.

Almu ya fito yana gyara riga. "Mushe ya ce me ke tafe da kai, Baba?"

Sallau ya dubi yaron, ya dubi malamin. Duk maganar da ya kwana uku yana shiryawa, ta bakin wannan za ta bi. Ya fara. Ya ce yaron da ke bencin ƙarshe ba ya Hausa a lakwal, ɗora masa ake yi. Ya ce a duba wuyansa, a duba bayansa. Ya ce manyan ajin ne ke sa shi, kuma ga babbansu nan tsaye.

Almu ya saurara da ladabi, hannu a baya. Ya juya ya faɗa wa Mushe wata magana gajera, ba ta kai rubu'in abin da Sallau ya ce ba. Mushe ya ɗaga gira, ya shiga ya ɗauko babban littafinsa, ya bi layi da yatsa, ya tsaya. Ya yi tambaya.

"Ya ce kai ne Muntaka?"

"A'a."

"Ya ce shi ya ga uban yaron nan da idonsa makon jiya. Ya ce kai wane ne?"

Sallau ya buɗe baki. Almu yana kallonsa, kansa a ɗan karkace, yana jira. Kalma ɗaya ce, kuma ko Almu bai fassara ba, da ya buga ƙirjinsa ya nuna yaron, da Mushe ya gane. Ya tuna ankwa. Ya tuna ɗakuna biyu na bayan gida, da Baiwa, da rumbun da ba nasa ba. Bakin ya tsaya a buɗe.

Mushe ya gaji da jira ya kira, "Lawwali." Inusa ya taso ya zo ya tsaya, idonsa a ƙasa. Mushe ya nuna Sallau ya yi masa tambaya. Yaron ya amsa da Faransanci, kalma biyu, da wata siririyar murya da ubansa ya kusa mantawa.

"Ya ce kai baffansa ne," in ji Almu. "Mushe ya ce maganar yaro sai ubansa. Ya ce in da ƙara, Muntaka ya zo da kansa. Ya ce ka tafi, kana ɓata masa karatu."

Mushe ya riga ya juya. Sallau ya sunkuya daidai fuskar ɗansa, ya rage murya. "Dube ni mana. Ka ji? Dube ni."

Yaron bai ɗago ba. "Baba, don Allah ka tafi," ya ce.

A cikin darni ya faɗa, kuma da Hausa. Ɗan ƙaramin yaron nan na gaba ya ji, ya taso da gudu yana murna, ya cire igiyar daga wuyansa ya zura wa Inusa a gaban ubansa. Wannan karon babu wanda ya yi masa barazana. Mushe ma ya ji da kunnensa, ya gyaɗa kai.

Sallau ya fita. Bai koma gida ba, ya zauna a gindin wata bishiyar bedi da ke kallon ƙofar lakwal har aka buga ƙarfe. Yara suka fito a guje, Almu ya wuce ta gabansa ya ce, "Sannu da hutawa, Baba." Daga inda yake yana jin saukar tsumagiya, ya ƙirga har sha biyar, bai ji kuka ba. Bayan nan sai ƙarar tsintsiya, ta daɗe. Da Inusa ya fito ya ga ubansa, bai nufo shi ba. Ya kama hanya shi kaɗai yana ɗingishi, Sallau ya bi shi a baya, da tazarar da ta dace tsakanin yaro da baffansa.

Labarin ya riga su isa gida. Muntaka yana zaure a tsaye.

"Ka je ka tona mana asiri?"

"Ban faɗa ba, Yaya."

"Shi fa?"

"Shi ma bai faɗa ba."

Muntaka ya sauke ajiyar zuciya ya zauna. "Ka gani? Yaron ya fi ka hankali. Allah ya yi masa albarka." Ya ɗaga murya ya ce wa A'ishatu a sa wa yaron tsoka a miyarsa yau.

A garin nan ba a ce Muntaka azzalumi ba. Cewa aka yi ya iya zama da Nasara, ya tsare ɗansa, kuma bai bar ƙanensa da yunwa ba. Gidaje da yawa haka suka yi, kowa ya duba cikin gidansa ya zaɓi yaron da ubansa ba zai iya cewa a'a ba. Almu yaro ne, kuma abin da ya gani a hannun manya shi ya ɗauka: ya ga an sami wanda ba shi da mai tsaya masa, an ɗora masa kayan kowa. Mushe bai san komai ba, bai kuma nemi ya sani ba. Waɗanda suka sani su ne waɗanda ke cin tuwo da yaron a gida ɗaya, kuma kowannensu yana da dalilinsa mai kyau. Manya huɗu ne a gidan, suka ɗauki asirinsu suka ba ɗan shekara tara ya riƙe musu da bayansa.

Washegari tun hantsi bai yi ba, Baiwa ta ce ita ba za ta iya tashinsa ba, ta juya fuska bango. Daga zaure Muntaka yana tambaya ko yaron ya fita, kada gardi ya sake zuwa. Sallau ya shiga ya tsaya a kan ɗansa. Idon yaron biyu, yana kwance rub da ciki, yana jiran ya ji abin da ubansa zai ce.

"Tashi," in ji Sallau. "Za ka makara."